Makullin Sha-Tafiya

Ku ajiye musun ƙwallon nan haka, ku gyara zama, yau ni ma da tawa matsalar na zo. Kun ga makullin nan da ke hannuna? Mako uku ke nan yana aljihuna, kuma ba nawa ba ne. Sai kun ji yadda aka yi ya zo wurina tukuna, sannan ku faɗa mini hannun da zan damƙa shi.

Wasunku sun san Malam Namadi Direba, maƙwabcina na bayan masallaci. Wanda bai san shi ba ya san motarsa, doguwar nan mai ruwan toka da ta yi shekara da shekaru jingine da katangar gidansa. Sha-Tafiya yake kiran ta. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jigila da ita tsakanin garin nan da ƙauyensu, Tungar Baure. Ya ɗauki amare, ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki buhunan kanwa da gishiri, har gawa ya ɗauka. Hanyar kuwa burji ce, gargada tun daga inda kwalta ta ƙare har ƙofar gidan dagaci.

Sai ciwon ido ya kama shi, a hankali a hankali har ya rufe ruf. Ran da ya tabbatar ba ya bambance akuya da buhu a bakin titi, da kansa ya shigo da motar gida, ya jingine ta da katanga, ya zare makulli. Shekara tara ke nan.

Ni da nake zama da shi kullum bayan la'asar na san abin da ke cin sa. Makantar dai ya karɓe ta hannu biyu, ya ce Wanda ya bayar ne ya karɓi abinSa. Kewar gida ce ke damun sa. Kuma kada wani ya ce ai da sun kai shi, don an kai shi. Shekara huɗu da suka wuce aka ɗauko masa shatar wata sabuwar mota mai sanyi, irin wadda ko rami ta faɗa ba ka ji, aka kai shi Tungar Baure, ya kwana biyu, aka dawo da shi. Na je yi masa barka da dawowa na tarar da shi ba walwala.

Na ce, "Malam Namadi, yaya ka baro mutanen gida?"

Ya ce, "Ilu, buhu aka ɗauka aka kai, aka dawo da shi. Ni ban je ba."

Da farko na ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da ya yi mini bayani na gane. A cikin Sha-Tafiya, in ƙafar dama ta yi ƙasa sau biyu ta tashi, ya san an iso kwalbatin Rafin Gora. In jikinta ya ɗauki rawa, yashin Marke ne. In ta yi wani nishi ta ɗaga kai, an hau tudun da ake hango rumbunan garinsu. Da jikinsa ya san hanyar nan, kuma ta ƙafafun motar nan kaɗai take shiga jikinsa. Wata motar kuwa ɗaki ne kawai mai tafiya.

To, bana da damina ta fara ja da baya, sai ga ma'aikata suna kafa turaku a gefen hanyar. Aka ce da zarar an kwashe amfanin gona za a baje ta, a zuba kwalta. Gari ya ɗauki murna, har da ni, don ƙuguna ya sha wuya a hanyar nan. Malam Namadi shi kaɗai ya daina cin abinci. Ya sa aka kira masa 'ya'yansa uku, Ɗayyabu da Hambali da Kubura, mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa.

Ya ce, "Ban taɓa roƙon ku komai ba. Ina so in bi hanyar nan sau ɗaya a cikin Sha-Tafiya kafin a rufe ta."

Suka ɗauka abu ne mai sauƙi. Aka sa batir, aka zuba mai, aka hura tayoyi, inji ya yi tari sau uku ya kama. Tsoho ya ji kukanta ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Amma ana fara jan ta baya, sai ƙafar gaba ta hagu ta lanƙwashe ciki, mota ta durƙusa. Ɗayyabu ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi. Akwai wani ƙaton ƙarfe da inji ke zaune a kansa, ƙafafun gaba biyu na riƙe a jikinsa, gadon inji muke ce masa. Ɗayyabu ya danna shi da ɗan yatsa, yatsan ya wuce. Tsatsa ta cinye shi ya zama kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa.

Kanwa da gishirin da motar ta yi ta ɗauka su suka fara ɓarnar, amma ba su suka ƙarasa ta ba. Duk ranar Juma'a, shekara tara cur, Kubura takan zo daga gidan mijinta da bokiti biyu ta wanke motar tas, don uban ya shafa ya ji ba ƙura. Sama na ƙyalli, ruwa kuwa na gangarawa yana kwanciya a ƙarƙashi, a jikin katangar da rana ba ta taɓa leƙawa. Da ta gane hannunta ne, zama ta yi a ƙasa ta yi ta kuka.

An kira makanikai uku. Kowanne ya leƙa, ya tashi ya kaɗe wando, ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Sai 'ya'yan suka ce to, a tsakar gida za a yi ta.

Bari in fara da babban, Ɗayyabu. Shi mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake yi, bai taɓa kwance ƙafar mota ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, shi ne shekarun baya ya fi kowa matsa wa a sayar da motar a huta. Amma da ya ji uban ya roƙa, sai ya rufe shagonsa ya kwaso kayan aikinsa ya dawo gida. Ya ɗaga motar ya ɗora ta a kan tsofaffin turame huɗu. Ya kafa gwafanni biyu, ya gitta azara, ya rataye inji da sarƙa don kada ya faɗo in an zare gadonsa. Sai notuna suka ce ba su san zancen ba, tsatsa ta haɗe su da ƙarfe sun zama abu ɗaya. Safe da yamma yana ɗiga musu kananzir da baƙin mai, ya ɗan bubbuga da guduma, ya bar su su sha. Akwai noti ɗaya da ya yi kwana goma sha ɗaya yana lallashi, don in ya karye a ciki aiki ya tashi. Da gadon ya fito, ya kankare shi da burushin waya har ya ga farin ƙarfe, ya yanke duk inda ya ruɓe, ya yanko faranti mai kauri daga jikin wata tsohuwar garma ya cike gurbin. Yana walda yana awo, yana awo yana walda, don in ya karkace ko da faɗin farce ne ƙafafun ba za su zauna ba. Gilashin fuskarsa ya fashe a tsakiyar aiki, bai tsaya neman wani ba, hasken walda ya shiga idonsa ya kwana biyu ba ya gani. Na same shi zaune kusa da uban, su biyu ba mai ganin wani, ya ce in na faɗa wa tsohon bai yafe mini ba. Da idon ya buɗe ya koma ya ƙarasa, ya shafe gadon da jan fenti, ya ɗura masa baƙin mai a ciki. In ba don hannun Ɗayyabu ba, da ba abin da za a ɗaura ƙafa a jikinsa.

Sai na biyun, Hambali. Shi ɗan kasuwar albasa ne, ƙafarsa ba ta zama gida, yakan yi wata shida uban bai ji muryarsa ba. Shi ne ma ya ɗauko shatar sabuwar motar nan da ta ɓata wa tsohon rai. To, gadon inji ya gyaru da walda, amma ƙafafun ba su gyaruwa. Sifirin ya karye, shokozoba ta bushe, robobin da ke mahaɗa duk sun zama gari. Hambali ya zuba matattun a buhu ya rataya, ya bar albasarsa a rumfa. Ya je kasuwar kayan mota ta Panteka, ya je ta Ƙofar Ruwa, duk inda ya zazzage buhun sai a yi dariya a ce wannan ai kakar motoci ce, an daina ganin irinta. Mako biyu yana yawo, har wani tsohon ɗan kamasho a tasha ya ce ya taɓa ganin irinta a wani ƙauye can kusa da iyaka, kaji na kwana a ciki. Ya bi kwatance ya same ta a ƙarƙashin rumfa, a kan busasshen yashi, ƙafafunta garau. Mai gidan wani dattijo ne, ya ce ko zancen ma kada a yi, motar ɗansa ce marigayi, ita kaɗai ta rage masa. Hambali bai yi gardama ba, bai kuma tafi ba. Ya ga geron dattijon ya nuna ba mai yanke masa, sai ya tuɓe riga ya shiga gona. Kwana tara yana girbi, yana ɗauri, yana kai wa rumbu, mutumin da rabonsa da lauje tun yana yaro, hannuwansa duk suka yi kanta suka fashe. Bai sake ambaton mota ba. A rana ta goma dattijon ya tambaye shi wane irin uba ne ake wa wannan wahala, Hambali ya ba shi labari. Sai dattijon ya ce, "Cire ƙafafun ka bar mini jikin. Aƙalla wani abu nata ya sake taka hanya." A ka ya ɗauko su, ya ratsa rafi da su har bakin titi. Ya dawo ya tarar albasarsa ta ruɓe, bai ko tsaya kallon ta ba. In ba don ƙafar Hambali ba, da gadon Ɗayyabu na nan jingine yana shan iska.

Sai autarsu, Kubura, wadda ruwanta ya jawo duk wannan. Ita ɗinkin hula take yi. Ba ta iya walda ba, ba ta je ko'ina ba. Amma tun ran da aka fara kwancewa ta lura yayanta Ɗayyabu jifa yake da duk abin da ya ciro, noti nan, zoben noti can, yara da kaji na bi ta kai. Sai ta riƙa bin bayansa tana tsincewa. Na hagu ta ɗaura masa jan zare, na dama kore, wanda ya fara fita ƙulli ɗaya, na bayansa ƙulli biyu, ta jera su a farantan tuwo ta tura ƙarƙashin gado. Kuma kowane ƙarfe sai ta fara sa shi a tafin hannun uban. Ya shafa, ya faɗi sunansa, ya faɗi inda yake zama da shekarar da ya canza shi, ya goge shi da tsumma. Tana miƙa masa ƙarfe da hannu ɗaya tana miƙa masa koko da ɗayan, da haka mutumin da ya daina cin abinci ya koma ci bai sani ba. Ran da aka zo haɗawa, Ɗayyabu ya tsaya yana sosa ƙeya, ya rasa wane noti ne na ina. Sai ga ta da faranti goma sha biyu.

Aikinta bai ƙare nan ba. An haɗa, an sauke mota, aka sa tsoho a gaba aka zagaya unguwa da shi. Da aka tsaya ya ce, "Madalla, Allah ya yi muku albarka." Mazan suka yi ta murna. Ita kuwa ta ga hannunsa dunƙule yake a kan gwiwa, bai ɗora shi a kan ƙofa yadda ya saba ba. Ta bi shi ɗaki da fura ta zauna.

Ta ce, "Baba, ba zan tashi ba sai ka faɗa mini gaskiya."

Ya ce, "Sun wahala, Kubura, kada ki karya musu zuciya. Amma ba ita ba ce. Ta yi tauri, ba ta gaya mini komai. Tana rataye a sama suka ɗaure ta, ko?"

Haka kuwa aka yi. Ashe ba a ƙarasa ɗaure notunan ƙafa mota na kan turame. Sai an sauke ta ƙasa, an ɗora mata irin nauyin da ta saba ɗauka, an girgiza ta ta zauna, sannan a ɗaure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kubura ta je ta sami babban yayanta gaban mutane ta ce a sassauta a sake. Ya fusata, ya ce, "Ke da kika ruɓar da ita, yau ke za ki koya mini?" Maganar ta yi mata zafi, na ga idonta ya ciko, amma ba ta matsa ba. Ta ce, "Yaya, zage ni ka gama, sannan ka ɗauko sufana." Aka haƙa rami a tsakar gida, aka gangaro da mota a kai, aka loda mata buhun dawa huɗu a baya, ni da Hambali muka zauna a gaba. Ɗayyabu ya shiga ramin ya sassauta, aka girgiza, ya ɗaure. In ba don idon Kubura ba, da an sake kai buhu Tungar Baure, kowa na murna.

Ranar Laraba da hantsi muka tashi, da ni a baya. Suka raba hanyar uku, kowa ya tuƙa kashi ɗaya, don duk ukun uban ya koya musu. A kan kwalta bai ce uffan ba. Muna sauka kan burji, sai ya ɗora hannu a kan ƙofa. Can ya ce, "Rafin Gora," na leƙa na ga kwalbati. Ya ce, "Yashin Marke, sa giya biyu." Ya ce, "Kauce dama, akwai dutse," ga kuwa dutsen. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. A wani wuri ya ce a tsaya a gindin tsamiyar da yake shan ruwa. Muka dubi juna, don ba tsamiya, ma'aikatan hanya sun sare ta, sai kututture. Aka tsaya. Ya fita ya laluba ya dafa kututturen, ya daɗe a tsaye, ya dawo ya ce mu je. Ni dai ban ga hanyar sosai ba daga nan, idona ya ƙi ba ni haɗin kai.

Mun kwana uku. Da muka shirya dawowa ya ce shi ya zauna ke nan, a gidan ɗan wansa. Ya ce in an zuba kwalta ba shi da hanyar da zai bi, gara ya tsaya a inda ta kawo shi. 'Ya'yan suka yi roƙo har suka gaji. Ya kira ni gefe ya sa mini makullin nan a hannu.

Ya ce, "In kun isa gida ka riƙe shi. Ka ba wanda ya kawo ni gida a cikinsu. Ya riƙa zuwa mini da ita, in jiyo kukanta tun daga tudu in san nawa ne ke tafe."

Na ce, "Malam Namadi, ai su ukun ne. Su riƙa karɓa-karɓa mana."

Ya ce, "Mota mai iyayengiji uku ita ke ruɓewa a jikin katanga. Mutum ɗaya za ka ba."

Na ce, "To wanne?"

Ya ce, "Kai ke da ido, Ilu."

Kun ji irin kayan da ya ɗora mini, shi ya koma ya yi zamansa. Kuma kada ku ɗauka 'ya'yan kwaɗayin mota suke yi, ko kyauta aka ba ɗan zamani ba zai karɓe ta ba. Kowannensu so yake ya zama shi ne uban zai jiyo ya miƙe tsaye. Ɗayyabu ya zo mini ya zauna, hannuwansa kawai ya ɗora a gwiwa in ga ƙunar. Hambali ya ce shi ne ya fi su nisa da uban duk shekarun nan, kada in hana shi ramawa. Kubura ba ta zo ba sam, amma matata ta ce kullum sai ta je ta zauna a kujerar gaba ta rufe ƙofa.

Kowanne da laifinsa, kowanne da abin da in ba shi ba da ba a je ba. Ɗaya ya so a sayar da ita, shi ya tashe ta da hannunsa har ya kusa rasa ido. Ɗaya ya yi nisa da gida, shi ya nemo mata ƙafa a inda ba mai zaton samu. Ɗaya ta ruɓar da ita da ƙauna, ita ta riƙe ran tsohon, ita kuma ta ji abin da ya ƙi faɗa.

Jiya wani mai kai kaya ya zo daga Tungar Baure. Ya ce an fara baje hanya, kuma Malam Namadi tun safe yake fitowa ƙofar zaure ya zauna. Duk motar da ta hau tudu sai ya karkata kai ya saurara, sannan ya gyara zama ya ce ba ita ba ce. Mako uku ke nan yana haka, ni kuma ina nan da makulli a aljihu.

To, ga ku nan manya da ƙanana, masu iya musu. Tsakanin Ɗayyabu da Hambali da Kubura, wane ne ya kai Malam Namadi gida, in ba shi makullin nan ya tafi gobe?